Babana Tsohon Soja Ne, Ya Ce Ya Bar wa Allah

Assalamu alaikum Baba. Daga Jidda nake rubuto maka. Mahaifina tsohon sojan Najeriya ne, kofur. Yana cikin waɗanda aka kai Laberiya, a can ne bam ya tashi kusa da shi a 1992. Har yau akwai ƙarfe a ƙugunsa, kunnensa na hagu kuma ba ya ji. Bayan ya bar soja ya zo Umra, Allah ya yi masa zama a nan, ya samu iƙama, wato izinin zama, ya yi fiye da shekara 20 yana harisin wata imara, wato mai gadin wani gidan bene. Bara ƙafar ta ƙi, aka kawo wani a madadinsa, sai dai kafilinsa, wanda ya tsaya masa, ya bar masa iƙamar saboda mutunci. Yanzu ni da ƙanena ke riƙe da gida. Ba ya barcin kirki, wani daren sai mu ji shi yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. Wani abokinsa na soja da ya zo aikin Hajji ya ce masa har yanzu zai iya neman fansho da kuɗin rauni, tunda bai taɓa karɓa ba. Amma takardunsa duk sun tafi a ambaliyar 2009. Sau uku ina yi masa magana, sai ya ce shi ba maroƙi ba ne, ya bar wa Allah. Akwai kuma wani mutum a nan da ya ce in ba shi riyal 3,000 zai fito mana da komai a Abuja cikin wata biyu. Baba, bayan shekara 30 akwai sauran magana? In bi ta bayansa in nema, ko in haƙura?

'Yar tsohon soja, Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi muku albarka ke da ƙanenki, ya ba mahaifinku lafiya.

Mutumin riyal 3,000 kada ki ba shi ko halala ɗaya. Mun saba a ƙasar nan da mu'aƙƙib, ka miƙa masa takarda da kuɗi ya zagaya ofisoshi ya dawo maka da hatimi, shi ya sa maganar ta yi miki kama da gaskiya. Fanshon soja ba haka yake tafiya ba. Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ba ta sa mutum cikin masu karɓa sai bayani ya zo mata daga rundunar da ya yi wa aiki, sannan a tantance shi, shi da kansa. Babu wanda zai zauna a Jidda ya gama wannan cikin wata biyu. Kuma ba kuɗin ne kaɗai abin tsoro ba. Zai ce ki haɗo masa lambar sojan mahaifinki da hotonsa da kwafin fasfonsa, da irin waɗannan kuwa ake ƙera ɗan fansho na bogi, wani can ya yi ta ci da sunan mai rai.

Sai batun bi ta bayansa. Ko kin so ba za ki iya ba, domin duk inda maganar ta bi sai an nemi fuskarsa da yatsansa da sa hannunsa, ƙugun da za a duba ma nasa ne. Amma ko da ana iyawa ba zan ce ki yi ba. Mutumin da ya rasa aikinsa bara, yana zaune yana kallon 'yarsa tana biyan haya, abin da ya rage masa a hannu shi ne ikon cewa a'a. In kika karɓe wannan ma, kin samo masa kuɗi kin rage masa abin da ya fi kuɗin. Sai dai a shawo kansa, kuma ba a shawo kan mutum sai an san abin da ya tokare shi.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Harsashi ya shiga kafaɗarsa, hannun dama ya shanye. Tun muna yara in aka taɓo zancen fansho sai ya ɗaga mai lafiyar ya ce ya bar wa Allah, mu kuwa muka ɗauka tsantsar tawakkali ne, har muna ba da misali da shi. Da ya rasu aka buɗe adakarsa, sai ga wani ƙunshi ɗaure da tsumma: kwafin wasiƙun da ya yi shekaru yana biyan mai rubutu a bakin gidan waya yana rubuta masa, da tsoffin tikitocin jirgin ƙasa. Ashe ya je wani ofishi ya kwana a ƙofarsa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har ranar da wani yaro sa'an ɗansa ya ce masa ya tuɓe riga gaban jama'a ya nuna raunin in gaskiya ne. Daga ranar bai koma ba, bai kuma gaya wa kowa ba sai matarsa, ita ce ta ba mu labarin bayan ta fita takaba. Har yau in na tuna muna yaba masa haƙuri alhali wulaƙanci ne ke cinsa, sai in ji wani nauyi a ƙirjina.

Saboda haka kalmar "na bar wa Allah" a bakin tsohon soja ba fuska ɗaya gare ta ba. Tana iya zama kunyar miƙa hannu, tana iya zama tabon wani wulaƙanci irin na kawuna, tana kuma iya zama tsoron zama gaban baƙo a ce ya ba da labarin ranar da bam ɗin ya tashi, da wanda ke kusa da shi, da abin da ya sami wancan. Sunayen da kuke ji yana kira cikin dare, mutane ne.

Akwai wata fuskar da dole in faɗa ko da za ta yi ɗaci. Kin ce "bayan ya bar soja", ba ki ce yadda ya bari ba, kuma ina zaton ba ki sani ba. To a nan gizo ke saƙar. In likitocin soja ne suka zauna a kansa suka ce raunin ya hana shi ci gaba da aiki, aka sallame shi a kan haka, hanyarsa ita ce mafi sauƙi, domin hukumar ce da kanta ta riga ta rubuta cewa a bakin aiki ya ji ciwon. In shi ya nemi sallama aka ba shi, sai a dubi shekarun da ya yi. A da, a aikin gwamnatin tarayya, sai mutum ya cika shekara 15 yake samun fansho, daga 1992 aka sauko da shi zuwa 10, wanda bai kai ba amma ya yi 5 a ba shi garatuti a sallame shi. Wanda ya shiga soja a farkon shekarun 1980 ya fita bayan Laberiya yana iya tarar da cewa yana da fanshon aiki, tun ma ba a zo maganar rauni ba. Abu biyu ne daban, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Amma in korarsa aka yi bisa wani laifi, ko ya tafi hutu bai koma bariki ba, to babu fansho, gudun soja kuwa laifi ne a dokar soja, ƙwanƙwasa wannan ƙofa na iya tada tsohuwar magana. In haka ne a bar kaza cikin gashinta. Kada ki zarge shi, kada kuma ki bari maganar ta fita daga ɗaki. Wanda ya ga abin da aka gani a Monrobiya, babban birnin Laberiya, ya ce ba zai iya komawa ba, ni dai ba zan zama alƙalinsa ba.

Wa zai yi masa wannan tambayar? Ba ke ba. Tsakanin uba da 'ya akwai kunya, balle in ke ce ta fari. Abokin nan nasa da ya zo Hajji shi ne mabuɗin. Soja yakan gaya wa soja cikin rabin sa'a abin da ya yi shekara 30 yana ɓoye wa matarsa. Ki nemi lambar wayarsa ta hannun mahaifiyarki, ki gaishe shi gaisuwar uba, ki gaya masa halin da ake ciki ba ƙari ba ragi, ki roƙe shi ya riƙa kiran abokinsa. Shi zai san bataliyar, zai san yadda aka rabu, kuma tunda ya kawo maganar fansho da bakinsa, ga alama ya san sallamar ta mutunci ce.

In ta tabbata kunyar roƙo ce kawai, to ga abin da za a gaya masa, kuma ina so a faɗa masa daga gare ni, ɗan'uwansa a shekaru. Roƙo shi ne ka nemi abin da ke hannun wani wanda nasa ne. Wannan kuwa nasa ne yake hannun wani. Ranar da ya sa hannu a defo na Zariya alkawari aka ƙulla: shi ya ba da jikinsa, gwamnati ta ɗauki nauyin abin da zai sami jikin. Ya cika nasa, ƙarfen da ke ƙugunsa shaida ne. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bashi, ya tsananta magana har sahabbai suka yunƙura, sai ya ce su ƙyale shi, mai haƙƙi yana da ta cewa. Ya kuma ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Sayyidina Umar shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa ana ba su rabonsu daga baitulmali, manyan sahabbai suna karɓa, babu wanda ya kira su maroƙa. Mutum yana da damar yafe haƙƙinsa, gaskiya ne. Sai dai wannan haƙƙin ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai mahaifiyarki da ta yi shekaru tana gasa masa ƙugu da ruwan zafi, akwai ke da ya kamata a ce kina tara na kayan ɗakinki. Abin da ya yafe, a kanku yake sauka.

Yanzu ga tambayarki: bayan shekara 30 akwai sauran magana? Akwai. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce fansho ko garatutin da ma'aikacin tarayya ya cancanta ba a riƙe shi, ba a kuma sauya shi ta yadda zai cutu, sai iyakar abin da doka ta yarda, har ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar. Sojoji suna ciki. Da aka kawo tsarin fansho na karo-karo a 2004 an sa su, amma a 2011 aka cire su, suka koma hannun hukumarsu. Tsufan magana ba ya mai da bashi kyauta.

Kuma ba mahaifinki ne farau ba. A Amurka babu wa'adin neman kuɗin nakasa, tsohon da ya yi yaƙin Biyetnam yana iya shigar da takarda yau, har a 2022 suka yi dokar da ta ƙara buɗe ƙofa ga waɗanda hayaƙi da guba suka yi wa illa a fagen daga. Sai dai galibi daga ranar da ka nema ake fara lissafa maka, ba daga ranar da ka ji ciwon ba. A Ingila ma ana karɓar takardar wanda ya makara, amma da sharaɗin da ya kamata ki lura da shi: in ka nema cikin shekara bakwai da barin aiki, gwamnati ce za ta kawo hujjar cewa ba soja ne ya jawo maka ba, in ka wuce bakwai kai ne za ka kawo hujja. Ga kuma na kusa da mu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin da ta ɗiba daga ƙasashen da ta mulka, har da kakannin 'yan'uwanmu na Nijar, suna karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, daga baya aka daidaita fanshon gaba ɗaya a 2011. Amma shi Diop ya rasu tun 1996, bai ji hukuncin ba. Wannan labarin kullum yana tsaya mini a rai, domin ya nuna ana cin nasara, ya kuma nuna wanda jinkiri ke cuta.

Abin da shekaru ke ci shi ne shaida. Masu shaidar suna mutuwa, takardu suna ruɓewa, ciwon yaƙi yana shigewa cikin ciwon tsufa har likita ya kasa raba su. Aikin da ke gabanku shi ne ku ɗaure raunin nan da ranar da ya faru, ɗaurin da ba mai iya kwancewa.

Ambaliyar da kika ambata mun san ta. Ranar 25 ga Nuwamba 2009 ce, 8 ga Zulhajji, alhazai na haramar Mina, ruwa ya shanye Guwaiza da unguwannin gabashin Jidda, mutum fiye da 100 suka rasu. Wanda ya tsira da ransa ranar ba a tambayarsa ina takarda. To amma abin da ruwa ya ci kwafinsa ne. Asalin fayil ɗin kowane ƙaramin sojan ƙasa yana ofishin ajiye bayanan sojoji da ke Lakwaja, kuma ba da suna ake nemansa ba, da lamba ake nema, wadda ke farawa da shekara da haruffan NA. Tsohon soja yakan manta shekarar haihuwarsa, ban taɓa ganin wanda ya manta lambarsa ba, domin ya faɗe ta a fareti sau dubbai. Da lambar, da sunan bataliyarsa, da shekarar shiga da ta fita, za a rubuta takardar neman kwafin shaidar sallama. A Najeriya in takarda ta ɓata akan haɗa da rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, su ma ba abu ne mai wuya ba.

Shekarar 1992 da kika faɗa ma tana taimakonsa. Dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, sun sauka Laberiya a Agustan 1990, mafi yawansu 'yan Najeriya, kuma daga 15 ga Oktoban 1992 mayaƙan Charles Taylor suka yi wa Monrobiya rubdugu, aka yi makonni ana ruwan wuta a gefen birnin. Ba ɓoyayyen yaƙi ba ne, an san rundunonin da ke wurin. A tambaye shi, a hankali, ina aka fara ɗaure masa raunin, da wane jirgi aka dawo da shi, wane asibiti aka kwantar da shi. Manyan asibitocin sojan ƙasa biyu ne aka fi sani, na 44 a Kaduna da na 68 a Yaba ta Legas, in ɗaya daga ciki ne a rubuta musu su ma. Abokin nan nasa, da duk wanda ya rage cikin waɗanda suka ɗauke shi ranar, su yi rubutacciyar shaida a kotu tun suna raye. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, wadda aka kafa tun 1964, tana da reshe a kowace jiha. Ta hannun reshen jiharsu ya fi dacewa takardar koke ta bi zuwa hedikwatar soja, musamman in ba a taɓa zaunar da kwamitin likitoci a kansa ba, domin su sun san ƙofar da ake bi da wadda ake ɓata lokaci a bakinta.

Babban mai shaida kuwa yana nan tare da ku a ɗaki, jikinsa ne, kuma wannan ɓangaren a Jidda za ku yi shi ba sai kun jira kowa ba. Ki kai shi a yi masa hoton ƙashi na ƙugu, ɓarɓashin bam yana fitowa fari tas, kuma ba ya kama da ƙarfen da likita ke sa wa mai karaya. A nan ina roƙonki ki kiyaye: in wani likita ya rubuta masa hoton babban injin nan na maganaɗisu da ake kira ranin, ku faɗa da babbar murya cewa akwai ƙarfen bam a jikinsa kafin a shigar da shi, domin injin yana iya motsa ƙarfen ko ya zafafa shi. Sai gwajin ji. Kurumtar tsufa takan kama kunnuwa biyu kusan daidai wa daida, ta fashewar bam kuwa takan fi cin ɓangaren da ya fuskanci ƙarar, wani lokaci ta bar tabo a fatar dodon kunne, likitan kunne yana iya gani ya rubuta. Ki roƙa a rubuta rahoton da Ingilishi, a faɗi abin da aka gani da abin da ya hana shi yi, kamar tsayuwa da hawan bene, sannan a buga masa hatimin ma'aikatar harkokin waje ta Saudiyya da na ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda. Wannan rahoto ba zai maye gurbin likitocin soja ba, su ne ke auna rauni su yanke ko kashi nawa cikin ɗari ya rage wa mutum. Amma wanda ya zo da hoto a hannu ba a ce masa ya tuɓe riga a tsakar gida.

Batun daren nan kuwa, kada ki jingina shi da fansho ko kaɗan. A samu kuɗi ko kada a samu, yana bukatar magani. Ciwo ne sananne, firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, likitocin ƙwaƙwalwa sun ba shi suna a hukumance tun 1980 bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Yakan lafa shekaru muddin mutum yana da aikin da ke cinye masa yini, sai ya zauna ya taso masa, shi ya sa za ki ga tun da ya bar imarar abin ya ƙaru. Ku lura da shi daren wasan wuta, na Idi ko na ranar ƙasar Saudiyya, 23 ga Satumba, a rufe tagogi, wani ya zauna kusa da shi. In yana cikin mafarkin kada a taɓa shi ba zato, a tsaya daga nesa a kira sunansa, a kunna fitila. A yi masa addu'a da ruƙiyya, a kuma kai shi wurin likita, ɗaya ba ya korar ɗaya. In kalmar likitan ƙwaƙwalwa za ta sa ya ƙi, ku ce likitan barci, ba ƙarya kuka yi ba. Abin da likitan ya rubuta shi ma ya shiga fayil.

Kuɗin da naira ake biya, cikin asusun banki na Najeriya mai sunansa, don haka sai ya mallaki lambar NIN da ta BVN. Ana yin rajistar NIN a nan Saudiyya, a tambayi ofishin jakadanci inda aka amince a yi. Kuma a duba wanda ya rubuta a matsayin magajinsa ranar da ya shiga soja. Saurayi ne a lokacin, wataƙila mahaifinsa ya sa ko wani yayansa. In ba a gyara ba, ranar da ta Allah ta kasance mahaifiyarki za ta sha wahalar da ba ta ji ba ta gani ba.

Kada ya taka jirgi sai takarda ta zo mai cewa ya bayyana ranar kaza a wuri kaza. In ta zo, a tabbatar iƙamarsa da bizar fita da dawowa suna da sauran kwanaki masu yawa, fiye da abin da kuke zato, domin ranar da aka sa ba lallai ita ce ranar da za a gan shi ba. Iƙamar nan da kafili ya bar masa don mutunci ita ce rufin asirinku, kada garin neman gira a rasa ido. Ƙanenki ya raka shi, kada ya tsaya layi shi kaɗai da kunne ɗaya.

Ba zan yaudare ki ba, 'yata. Tafiyar tana da tsawo, shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. An sha ganin tsoffin sojoji, waɗanda takardunsu ma cikakku ne, sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman bashin da suke bi. Fanshon kofur kuma in aka juya shi riyal ba zai biya hayar gida a Jidda ba. Kada ki ci bashi a kansa, kada ki sayar da zinarin mahaifiyarki. Abin da ya sa duk da haka nake cewa a nema, in sallamarsa ta mutunci ce, shi ne zaman haris ba ya da fansho, kuma iƙamar da ke rataye da kirkin mutum ɗaya ba a gina tsufa a kanta. In wata rana komawa gida ta kama, wanda sunansa ke cikin 'yan fansho yana da ɗan abin da ke shigowa duk wata, yana kuma iya shiga inshorar lafiya ta sojoji, wadda ake kira DHML. Ga wanda zai sauka Kano da sanda bayan shekara kusan 30 a waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A wannan makon kada ki ƙara ambata masa kuɗi. Ki kira abokin nasa. Ki nemi ranar ganin likitan ƙashi, ki ce masa saboda ƙafar ne, don kuwa saboda ita ne. Wata rana bayan la'asar, in kin kawo masa shayi kin ga ransa a sake, ki zauna ta ɓangaren kunnensa na dama ki ce, "Baba, wai har yanzu kana tuna lambarka ta soja?" Ki riƙe biro a kusa. In ya faɗa ki rubuta, in ya zarce da labari ki ajiye biron ki saurara, in kuma ya yi shiru ki ƙyale shi, ki sake gwadawa wani makon. Ki rubuto mini abin da ya ce.